Tarihin Rob Roy, Gagarau na Duwatsun Sikotilan

An haifi Robert MacGregor, wanda aka fi sani da Rob Roy, a Glengyle ta ƙasar Sikotilan cikin shekarar 1671, daga zuriyar da a 1603 Sarki James na Shida ya haramta amfani da sunanta. Ya tashi yana fataucin shanu, yana kuma karɓar lada daga makiyaya domin tsare musu dukiya, har amana ta sa Duke na Montrose ya ranta masa fam 1,000. Amma da ƙaddara ta sauka, babban makiyayinsa ya gudu da kuɗin, sai a 1712 hukuma ta zartar cewa shi ɗan tawaye ne, aka ƙwace ƙasarsa, aka kori iyalinsa. Daga nan ya shiga duwatsu, ya shekara da shekaru yana kore shanun Montrose, yana ƙwace kuɗin hayar gonakinsa, alhali talakawa na ɓoye shi saboda alherin da aka ce yana musu. Daga baya aka yi masa afuwa, ya rasu a Balquhidder cikin Disamba 1734. Littafin marubuci Walter Scott na 1817 ne ya watsa sunan Rob Roy a duniya.