Tudun Dusa na Akokan

A kudu da Garuwa, kusa da garin Poli, akwai wani wuri da ake kira Kitongo. An daɗe da sanin akwai yuraniyom kwance a ƙarƙashin duwatsunsa, masana kuwa sun sha zuwa su huda ƙasa su ɗebi samfuri. Saboda haka ya kamata mutanen Gider da na Garuwa su san abin da ya sami wani gari a ƙasar Nijar, inda aka haƙa wannan ma'adini shekara arba'in da uku, sa'an nan aka rufe ramin, aka shiga aikin share abin da ya rage.

Cikin shekara ta 1957 Turawan Faransa masu neman tagulla suka ci karo da yuraniyom a Azelik, cikin ƙasar Abzin. Faransa kuwa tana matuƙar bukatarsa, domin da shi ake haɗa makaman nukiliya, da shi kuma ake ba da wutar lantarki. Aka kafa kamfanin SOMAÏR a 1968, ya fara aiki a Arlit a 1971. Na biyu, wato COMINAK, aka kafa shi a 1974, ya soma fid da ma'adini a 1978 daga ramin Akuta, mai zurfin wajen mita 250. Garin Akokan ya tsiro a gefensa cikin hamada. Buzaye da Hausawa da Zabarmawa suka yi ta kwarara neman aiki, gama albashin ya fi na ko'ina a ƙasar.

Ga yadda aikin yake. Akan fasa dutse a niƙa shi, a zuba masa ruwan asid, a tsame yuraniyom ya zama gari mai ruwan ƙwai. Garin nan ake ɗurawa a durom, a da kuma akan bi da shi ta Agadas da Tawa har tashar jirgin ruwa ta Kwatano. Amma a cikin tan guda na dutse, yuraniyom kilo kaɗan ne kawai. Sauran duk dusa ce, kamar wadda mace takan bari bayan surfe, sai dai wannan ko akuya ba a ba ta. Fiye da kashi 80 cikin 100 na tururin gubar da ke cikin dutsen yana nan cikin dusar. Ido ba ya ganin tururin nan, hanci ba ya jin warinsa. Dusar tana fid da wata iska mai suna radon, wadda kan jawo ciwon daji na huhu ga wanda ya daɗe yana shaƙarta. A haka aka yi ta jibge ta a fili har ta kai wajen tan miliyan 20, ta rufe hekta 120, tsayinta a wani wuri ya kai mita 35, iskar hamada tana kaɗawa a kanta dare da rana.

Shekaru da yawa ba wanda ya faɗa wa talaka kome. Tsofaffin ƙarafa na ma'aikatar suka shiga kasuwa, maƙera suka saya, aka yi ƙofofi da rufin ɗaki da kayan girki da su. An kuma ɗebi duwatsun rami aka cike tituna. Laifin maƙeri kaɗan ne a nan, gama wa zai ƙi ƙarfe mai araha a garin da itace ke da tsada?

Wani ma'aikaci mai suna Almustafa Alhasan, da ya ga abokan aikinsa suna mutuwa da cututtukan da ba a bayyana musu ba, ya kafa ƙungiyar Aghir In'Man. Shi ya gayyato masanan CRIIRAD daga Faransa a Disamba 2003. Aka riƙe manyan na'urorinsu a filin jirgin saman Yamai, amma da ɗan abin da ya rage a hannunsu suka gano ƙarafa masu guba a kasuwa. A Nuwamba 2009 ƙungiyar Greenpeace ta zo ta auna. Cikin samfurin ruwa biyar, huɗu sun wuce ma'aunin yuraniyom na Hukumar Lafiya ta Duniya, a wani titin Akokan kuma tururin ya ninka na al'ada kusan sau 500. Kamfanin Areva, wanda ya koma Orano a 2018, ya ce yana bin doka, ya kuma aika aka kwashe duwatsun daga titunan.

Ran 31 ga Maris 2021 aka rufe COMINAK, bayan ya fid da yuraniyom wajen tan 75,000. Ma'aikata kimanin 600 suka rasa aiki, ban da ɗaruruwan 'yan kwangila, waɗanda su ba su sami irin sallamar da aka yi wa na kamfani ba. Shirin gyaran da aka yi shela shi ne a rushe ma'aikatar, a toshe bakin rami da kafofin shan iskarsa, a daidaita tudun dusar, a lulluɓe shi da yumɓu da dutse mai kaurin mita biyu, domin radon kada ya fita, ruwan sama kuma kada ya wanke gubar zuwa ruwan ƙarƙashin ƙasa da garin ke sha. Aka ƙiyasta aikin zai ci sefa biliyan 95 da kimanin shekara goma, sa'an nan a sa ido aƙalla shekara biyar.

Shekara biyar ɗin nan ita ce abin dubawa. Radiyom da ke cikin dusar sai ya yi shekara 1,600 kafin rabin ƙarfinsa ya ragu. Murfin yumɓu kuwa yakan tsage, ruwa yakan zaizaye shi, dole a sami mai zuwa ya duba ya gyara bayan jikokin masu aikin sun shuɗe.

Aikin bai yi nisa ba sai sojoji suka karɓi mulki a Yamai ran 26 ga Yuli 2023. Dangantaka da Faransa ta lalace, a Yuni 2025 kuma gwamnati ta ƙwace SOMAÏR ya zama mallakar ƙasa, gardama tsakaninta da Orano ta kai gaban masu shari'a na duniya. Tudun dusar kuwa tafiyar 'yan kilomita ce daga gidajen Akokan.