Tankin kifi a gida: yadda ake kauce wa jan wutar lantarki

Wutar da kamfanin NEDCo ke kai wa gidaje a Dabokpa da sauran unguwannin Tamale ta volt 230 ce. Idan wayar famfo ko fitilar tankin kifi ta tsage, ruwan kan ɗauki wuta, kuma hakan na iya kisa.

A zare filogi kafin a tsoma hannu, ko da an ɗauke wuta, domin tana dawowa ba sallama. A bar waya ta sauka ƙasa da soket kafin ta hau, don ruwa ya ɗiga ƙasa. A sa na'urar RCD ta miliamp 30 mai yanke wuta nan take. Idan wuta ta kama mutum, a kashe babban makunni kafin a taɓa shi.