Warƙa 11 Da Gara Ta Ci

A gidanmu da ke Lamashegu, a kudancin Tamale, akwai wata tsohuwar gafaka da muka gada. A cikinta akwai Alƙur'ani rubutun hannu na kakan mahaifiyata, warƙa-warƙa ba ɗinki, kamar yadda mutanen da ke barinsa. Shekarun baya da muka buɗe, muka tarar gara ta shiga ta cinye warƙa 11 daga tsakiya. Tun daga ranar nake neman wanda zai cike gurbin da hannu irin na mai shi. Wannan neman ne ya jefa ni cikin tambayar da ban taɓa yi wa kaina ba: me ya sa mutum zai ƙarar da shekarunsa yana gyara harafi, har ya bar garinsu saboda shi?

Rubutun nan bai zo ƙasar Dagomba da Gonja a jirgi ba. A kan jakuna ya zo, tare da fataken goro da ke tasowa daga Kano da Katsina da Barno zuwa Salaga. Kafin su ma akwai malaman Wangarawa, kuma tun tsakiyar ƙarni na 18 an rubuta tarihin Gonja da Larabci. Ayari ba ya tafiya ba malami. Shi ke duba ranar tashi, shi ke rubuta wasiƙa zuwa ga fatoma, shi ke riƙe lissafin bashi. Saboda haka kyawun hannu a lokacin sana'a ne, kuma shaida ne. Idan wasiƙa ta iso Salaga daga Kano, hannun da ya rubuta ta ake fara dubawa kafin a gaskata abin da ke ciki. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano wajen 1858 ya rasu a Kete Krachi a 1934, da littafin koyar da rubuta wasiƙa ya fara talifi, tun yana saurayi. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, malamai suka bazu zuwa Yendi, Kumasi, Kete Krachi da sauran zangona, kowa da gafakarsa a rataye. A gidanmu ana cewa tamu ma ta wannan hanyar ta biyo.

Wanda bai taɓa riƙe irin wannan Alƙur'ani ba zai yi mamakin nauyin harafinsa. Baƙaƙen masu kauri ne, a tsaye daram, irin hannun da ake kira Barnawi. Fa ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama, domin ruwayar Warshu ce. Baƙi da baƙar tawada, wasali da ja, hamza da rawaya. Alƙalamin na gamba ne, tawadar kuma a gida ake dafa ta da ƙaro. Idan ka ɗaga warƙa ka haska ta da rana, za ka ga tambarin jinjirin wata uku a jikin takardar. Daga Italiya irin wannan takarda take fitowa, ta ratso Tarabulus da Sahara kafin ta iso hannun mai rubutu. Shi ya sa nake murmushi idan na ji ana maganar tafiya waje neman rubutu kamar sabon abu. Takardar kakana ta fi ni yawon duniya. Su kansu gardawan da suka ƙware, Barno suke zuwa da ƙafa, su yi shekaru a tsangaya, kuma mutum ba ya cika alaramma a idon jama'a sai ya zauna ya rubuta Alƙur'ani sukutum da ka.

Abin da ya raunana wannan hannu a wajenmu ba ƙiyayya ba ce, sauƙi ne. A Kano an yi dabara, aka riƙa ɗaukar hoton rubutun gwanaye irin su Sharif Bala Gabari ana bugawa, har kwafinsu ya iso kasuwannin Gana. Amma tun da aka buɗe maɗaba'ar Sarki Fahad a Madina a 1984, mushafin da Usman Ɗaha ya rubuta da nasahi, a ruwayar Hafsu, ya cika masallatanmu, galibi kyauta. Makarantun Islamiyya na Tamale suka tashi da shi. Ba na kuka da wannan, yara sun samu Alƙur'ani cikin sauƙi. Sai dai idonsu ya saba da wani kyau daban, kuma abin da ido ya so shi hannu ke bi.

Ɗan ƙanwata yana cikin waɗannan yara. A waya ya fara ganin masu rubutun Santambul suna jan alƙalami, ya kamu, ya yi ta aika musu aikinsa har aka kira shi horo na 'yan makonni. Turkawa suna da tasu hikaya. A 1928 gwamnatinsu ta soke haruffan Larabci ta koma na boko, gwanaye suka rasa abin yi, amma kaɗan suka riƙe, cikinsu har da Hamid Aytaç da ya rasu a 1982. Cibiyar IRCICA ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta fara gasar rubutu ta duniya a 1986 da sunansa. Almajirinsa Hasan Çelebi ya koyar da baƙi daga ƙasashe da dama, har da Ba'amurke Mohamed Zakariya da ya karɓi ijaza a hannunsa a 1988. Suna da wata magana, wai a Makka Alƙur'ani ya sauka, a Masar aka karanta shi, a Santambul aka rubuta shi. Na so a ce sun leƙa Barno kafin su yanke hukunci.

Da ya dawo na tambaye shi abin da ya samo wanda waya ba ta ba shi ba.

Ya ce, "Kawu, jan tawada. Sai in kwana ina rubuta harafi ɗaya, da safe malam ya ɗora nasa a kai da ja, ya auna da ɗigo, ya nuna mini inda numfashina ya yanke."

Awon harafi da ɗigon alƙalami tsohuwar ƙa'ida ce da ake dangantawa ga Ibn Muƙla, wazirin Bagadaza da ya rasu a 940. Amma zaman gaban malami da jiran gyaransa, ai shi ne abin da ya kai gardi Barno. Yaron ijaza yake nema, wato a ce wane ya koya daga wane, sunansa ya shiga jerin.

Sai na ɗauko gafakar na ajiye a gabansa. Ya yi alwala, ya daɗe yana juya warƙoƙin, ya gwada layi biyu a wata takarda. Hannunsa ya fito siriri, mai lanƙwasa, kyakkyawa ƙwarai, kuma ko kusa bai yi kama da na kakanmu ba.

Ya ce, "Wannan ba a koya mana shi can ba, Kawu. Ko feƙe alƙalamin ma daban ne."

Na ce, "To ina ake koyonsa?"

Ya ce ya ji har yanzu akwai masu yi a Kano da Maiduguri. Yanzu watansa na uku ke nan yana tara kuɗin mota. Ni kuma na sa kafinta ya yi wa gafakar akwati, na ɗora shi a kan kanta, nesa da bango.