Python da haruffanmu masu lanƙwasa

Matasan Malbaza da Galmi da ke koya wa kansu yaren kwamfuta na Python ta waya, yawancinsu da kwafe suke farawa: a ɗauko layukan wani daga intanet, a liƙa, a ga ya yi aiki. Ba laifi a farko. Amma tarihin yaren na nuna inda kwafe ke tsayawa, kuma wurin ya shafe mu Hausawa.

Guido van Rossum, ɗan ƙasar Holan, ya fara rubuta Python a hutun ƙarshen 1989 a Amsterdam, ya sake shi ga jama'a a 1991. Lokacin kwamfuta tana tafiya ne bisa gadon tsarin ASCII na Amurka, na 1963, mai alamomi 128 kacal. Babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, haruffan da suka zauna a bokon Hausa tun shekarun 1930, balle ƴ tamu ta Nijar. Unicode, tsarin da ya ba kowane harafi na duniya lambarsa, shi ma a 1991 ya fito, sai dai Python ya daɗe yana ƙirga rubutu da bayit, wato ƙwayar ma'aunin ajiyar kwamfuta, ba da harafi ba. A Python 2 in ka tambayi tsawon kalmar "ƙasa", biyar zai ce maka, domin ƙ ɗinmu bayit biyu take ci.

Gyaran ya zo a Disamba 2008 da Python 3, ya kuwa zo da tsada, don tsofaffin shirye-shirye da yawa sun daina aiki. Aka yi ta jan ƙafa shekara goma sha ɗaya, sai ranar 1 ga Janairu 2020 aka daina kula da Python 2. Darussansa kam suna nan birjik a intanet, kuma mai koyo shi kaɗai ba shi da malamin da zai ce masa wannan tsohon yayi ne.

Ko a Python 3 ɗin da sauran rina a kaba, kuma nan ne abin ya fi damuna a matsayina na malamin makaranta. Ba shi sunayen ƴan aji ya jera: Ɗahiru zai koma bayan Zainabu, saboda lambar Ɗ ta fi ta Z girma. Mai kwafe zai ga haka ya goge lanƙwasar, ya mai da yaro Dahiru, a wuce wurin. Wanda ya zauna ya karanci yadda yaren ke kwatanta haruffa, layi kaɗan zai rubuta ya koya masa cewa ɗ tana bin d, ƙ tana bin k, yaro ya koma gurbinsa a rajista da sunan da aka raɗa masa.