Wankin Mota da Ruwan Rijiya a Ƙasar Cadakori da Kewayen Maraɗi

Sana'ar wankin mota ba ta daɗe ba a ƙasar Gobir, inda Cadakori take, amma matsalar da ta fi damun masu yin ta, wato fararen ɗigo-ɗigon da ruwa yake bari a jikin fenti da gilashi bayan ya bushe, tana da tushe ɗaya da abin da mata masu wanki a bakin rijiya suka daɗe suna fama da shi tun kafin mota ta shigo ƙasar. Cadakori ƙaramar hukuma ce ta karkara a gundumar Gidan Rumji ta jihar Maraɗi, arewa da Tibiri, kuma ita da garuruwan da ke gabas da ita, irin su Agye da Gazawa, ba su da kogin da ke gudana duk shekara. Gulbin Maraɗi da damina kawai yake kawo ruwa, Gulbin Kaba kuwa mafi yawansa busasshen kwari ne, ruwan saman da yankin yake samu kuma yana kusan milimita 500 a shekara, galibinsa tsakanin Yuni da Satumba. Saboda haka kusan wata takwas na kowace shekara, galibin abin da za a sha ko a wanke, daga ƙarƙashin ƙasa ake ɗebo ruwansa.

Ruwan sama yakan sauko kusan babu ma'adini a cikinsa, amma yayin da yake tsiyaya ta cikin ƙasa da duwatsu yakan narkar da wasu sinadarai ya tafi da su, mafi muhimmanci a nan su ne kalsiyam, wanda shi ne jigon alli da farar ƙasa, da kuma magniziyam. Yawan waɗannan biyun shi ne masana suke kira taurin ruwa, kuma ya bambanta da zartsi, domin ruwa mai zartsi harshe yana jin gishirinsa, mai tauri kuwa yana iya yin daɗin sha, sai an sa masa sabulu halinsa yake fitowa. A ma'aunin da aka fi amfani da shi, ruwan da bai wuce miligiram 60 na alli a lita ɗaya ba mai laushi ne, wanda ya haura 120 mai tauri ne, wanda ya zarce 180 kuwa ya yi tauri ƙwarai. A Nijar, kamar sauran ƙasashe masu amfani da Faransanci, ana auna shi da digirin Faransa, wanda kowane ɗaya yake daidai da miligiram 10 a lita. Idan sabulu ya haɗu da kalsiyam sai ya daskare ya zama wani farin dauɗa da ba ya narkewa, kumfa ta ƙi tashi. Idan kuma ɗigon ruwan ya bushe a kan ƙarfe, ruwan ne kaɗai yake tashi sama, allin ya zauna a inda ɗigon ya tsaya, irin ɓawon nan fari da ke taruwa a cikin butar shayi da aka daɗe ana dafa ruwa a cikinta.

Matan ƙasar Hausa ba su jira ma'aunin masana ba kafin su rarrabe rijiyoyin garinsu, domin a gari ɗaya akan san wadda ruwanta yake cin sabulu da wadda take kumfa, akan kuma tari ruwan indararo da damina a ajiye a randa don wankin tufafi masu daraja. Maganin da suka gada shi ne ruwan toka da kanwa. Tokar kara da ta itace tana ɗauke da kabonat na fotasiyam, kanwar da fatake suke kawowa daga ƙasar Manga da bakin Tafkin Cadi kuwa kabonat na sodiyam ce, kuma dukansu biyu suna tilasta wa kalsiyam ya fita daga cikin ruwa ya kwanta a ƙasan mazubi, ta yadda sabulun salo zai sami damar yin aikinsa. A Birtaniya sai a shekarar 1841 ne Thomas Clark, malamin kimiyyar sinadarai a Abadin ta Sukotilan, ya yi rajistar hanyarsa ta tausasa ruwan gari da farar ƙasa, wadda ita ma a kan kwantar da allin ta dogara. Wannan ilimi na mata ya cancanci a ambace shi da sunan ilimi, domin gwaji da lura na tsawon zamani ne suka samar da shi.

Gyaɗa ce ta kawo mota ƙasar Maraɗi. Bayan layin dogo ya iso Kano a 1911, noman gyaɗa ya yaɗu zuwa arewa har ya tsallake iyaka, kamfanonin Turawa suka buɗe kantuna, manyan motoci suka fara karɓar aikin da raƙuma da jakuna suke yi. Ambaliyar 1945 ta rushe tsohon garin Maraɗi da ke cikin kwari, aka mayar da shi kan tudu, kuma a 1962 gwamnatin Nijar ta kafa kamfanin SONARA don sayen gyaɗa. A wancan zamani wankin mota bai zama sana'a mai cin gashin kanta ba: aikin yaron mota ne, wanda yakan watsa wa motar ubangidansa ruwa a bakin tafki ko rijiya don kawar da laka, kuma babu wanda yake duba tabon ruwa a jikin motar katako mai dakon buhuna. Al'amarin ya sauya bayan farin 1973 da 1974 ya karya noman gyaɗa, attajiran Maraɗi, waɗanda Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi a kansu a 1986, suka karkata ga cinikin kayan da ake ratsawa da su zuwa Najeriya ta Ɗan Isa da Jibiya. Daga baya motocin da aka yi amfani da su a Turai, waɗanda ake saukewa a tashar jirgin ruwa ta Kwatano, suka shiga cikin wannan ciniki, kuma motar da za a sayar kyan jikinta yana cikin kuɗinta. A daidai wannan lokaci, wato daga shekarun 1980, masu ƙera motoci suka koma shimfiɗa wani fenti marar launi mai ƙyalli a kan fentin asali, wanda yake fito da kowane tabo fili, musamman a baƙar mota ko shuɗiya. Ƙauyuka kuwa babur ne ya kai musu sana'ar, domin tun da babura masu araha na ƙasar Sin suka cika kasuwa a shekarun 2000, 'yan kabu-kabu suka yawaita, samari suka sami abin yi da bokiti da soso a bakin tasha da ranar kasuwa, tun daga garuruwan da ke kan babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram har waɗanda ke nesa da kwalta.

Ruwan da kansa ya sauya mafito a cikin waɗannan shekaru. Hukumar OFEDES, wadda aka kafa a 1963, ta gina rijiyoyin siminti a karkara, a shekarun 1980 aka yawaita haƙa rijiyoyin burtsatse, madatsar ruwan Jibiya da aka gina a jihar Katsina kuma ta rage abin da yake gangarowa Gulbin Maraɗi. Mutanen gundumar Gidan Rumji sun san da ciwo cewa ruwan ƙarƙashin ƙasa yana iya ɗauke da abin da ido ba ya gani, domin rijiyar burtsatsen da aka fara ba Tibiri ruwa daga gare ta a 1985 ta kasance da sinadarin fulorayid fiye da kima, ta lalata haƙora da ƙasusuwan yara masu yawa kafin a daina amfani da ita. Fulorayid ba shi ne yake kawo taurin ruwa ba, kuma tabon mota ƙaramin abu ne ƙwarai idan aka ajiye shi kusa da waccan masifa, amma al'amuran biyu sun haɗu a kan cewa kowace rijiya da halinta, kuma ba a sanin halin sai an auna.

A wannan yanki rana da iska suna da hannu a tabon kamar yadda ruwan yake da shi. A watan Afrilu zafi yakan haura digiri 40, jikin motar da ke tsaye a rana ya fi haka zafi nesa, da hunturu kuma busasshiyar iska tana shanye ɗigo kafin mai wanki ya zagayo ɗaya gefen, don haka ko ruwan da taurinsa matsakaici ne yana barin alama. Shi ya sa ƙwararru a sana'ar suke neman inuwar bedi ko rumfa, suna fifita safiya da yamma, suna fara kwarara ruwa don ƙurar hunturu ta sauka kafin soso ya taɓa fenti, tun da yashin da aka goga a busasshe yana kartar jikin motar. Suna wanke sashe ɗaya, su ɗauraye, su tsane shi nan take da tsumma mai laushi, su bi da busasshe, tun daga rufi zuwa ƙasa, ba tare da sun bar wa rana aikin shanya ba. Wanda ya sami ruwan sama da ya kwanta ya yi garau yakan ajiye shi don ɗaurayar ƙarshe. Idan tabon ya riga ya kama, abu mai tsami ne yake narkar da alli, saboda haka ruwan khal, wato binega, da aka sirka da ruwa rabi da rabi yana cire shi, muddin aka ɗauraye wurin da wuri. Amma tabon da ya daɗe yana gasuwa a rana yakan ci fentin saman, kuma a lokacin sai an goge da man goge fenti. A nan ne gadon masu wankin tufafi yake da iyaka, domin kanwa da toka, waɗanda suke gyara ruwa don zane, farin saura suke bari a kan ƙarfe, garin omo kuma, ko da yake yana kumfa a ruwa mai tauri, yana wanke kakin da ake shafa wa mota don kare fentinta.

A ƙasashen masu masana'antu an bi ta hanyar na'ura. A 1905 Robert Gans na Jamus ya samar da wani sinadari mai kama kalsiyam ya saki sodiyam a madadinsa, kuma wajen 1960 Sidney Loeb da Srinivasa Sourirajan, a jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalis, suka ƙera tantanin da ake matsa ruwa ta cikinsa ya bar gishirinsa a baya, wanda manyan wuraren wankin mota suke amfani da shi don ɗaurayar da ba ta barin tabo. Irin wannan na'ura tana buƙatar lantarki da kayan canji, tana kuma zubar da wani kaso na ruwan da ta sha, abin da bai dace da garin da ake sayen ruwa jarka-jarka daga 'yan garuwa, mata kuma suna bin layi a bakin famfo ba. Abin da ya fi dacewa da Cadakori da maƙwabtanta yana hannun shugabannin ƙananan hukumomi da ma'aikatan ruwa na jihar Maraɗi: su auna ruwan kowace rijiya da kowane famfo a kai a kai, su sanar da jama'a sakamakon da Hausa, domin mai wankin mota ya san wanda zai ɗauraye da shi, uwa kuma ta san wanda za ta ba ɗanta.