Kogwannin Marshall a Gandun Dajin Yankari

Gabatarwa

Jihar Bauchi na daga cikin jihohin da Allah Ya albarkata da wuraren tarihi da na yawon buɗe ido. Mafi yawan jama'armu sun san Yankari ne saboda giwaye da ruwan ɗumi na Wikki, amma kaɗan ne suka san cewa a cikin wannan gandu akwai kogwanni da mutanen da suka sassaƙa da hannunsu. Mun kawo wannan bayani ne domin magidanta da hakimai da dagatai da ma'aikatan ƙananan hukumomi su san abin da muka gada, su kuma taimaka wajen kiyaye shi.

Inda suke

Gandun Dajin Yankari yana cikin Ƙaramar Hukumar Alkaleri, kuma faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244. An keɓe shi a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962. A 1991 ya koma hannun Gwamnatin Tarayya, sannan a 2006 aka mayar da shi ga Gwamnatin Jihar Bauchi. Mai zuwa daga Bauchi zai bi hanyar Gombe, ya karkata a Dindima zuwa ƙauyen Mainamaji inda babbar ƙofa take. Daga ƙofar zuwa masaukin baƙi na Wikki kimanin kilomita 40 ne, kogwannin kuma suna da nisan kimanin kilomita 7 daga masaukin.

Tarihi da siffa

Kogwannin guda 59 ne, kuma an raɗa musu sunan P.J. Marshall, wanda ya gano su a 1980. Mutane ne suka haƙa su a jikin dutsen yashi, wanda ya fi sauran duwatsu laushi, har ana iya sassaƙa shi da ƙarfe. Bakin kogo ƙarami ne, bai wuce kimanin rabin mita ba, sai mutum ya durƙusa zai shiga, amma daga ciki akwai fili kamar ɗan ɗaki. Masana tarihi na ganin cewa an yi su ne domin su zama mafaka a zamanin yaƙe-yaƙe da farautar bayi, kuma ƙanƙantar ƙofar na nuna haka, domin tana da wuyar gani daga nesa, tana da sauƙin tsarewa. A jikin bangon akwai zane-zane da aka karta, wasu miƙaƙƙu, wasu masu lanƙwasa.

Akwai wasu alamun da ke tabbatar da cewa an daɗe ana zaune a wannan daji kafin a keɓe shi. Daga ciki akwai rijiyoyin Dukkey guda 139 da ke haɗe da juna ta ƙarƙashin ƙasa, da tsoffin matoyan narkar da tama na Shau Shau, da zanen da ke kan Tunga Dutse.

Shawara ga iyalai

Lokacin da ya fi dacewa da ziyara shi ne rani, daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu, domin hanyoyi sun bushe, ciyawa ta yi ƙasa, namun daji kuma suna taruwa a bakin Kogin Gaji. Muna shawartar magidanci ya tuntuɓi hukumar gandun kafin ya taso, domin sanin kuɗin shiga da halin da hanya take ciki.

Kada a nufi kogwannin sai tare da ɗan jagora na gandun, domin akwai ɓauna da giwa a dajin. A tafi da ruwan sha da tocila da takalmi sau-ciki. A bar ɗan jagora ya fara duba kogo kafin yara su matso, kuma a hana su zura hannu cikin ramuka saboda maciji da kunama. A masaukin Wikki a riƙa rufe ƙofa da tagar mota, domin gwaggon biri yakan fizge abinci daga hannun yara. Bayan an dawo, iyali na iya hutawa a ruwan Wikki, wanda ɗuminsa ke tsayawa a kan kimanin digiri 31 a ma'aunin Salshiyas, dare da rana, rani da damina.

Kira ga shugabanni da al'umma

Laushin dutsen da ya ba kakanninmu damar haƙa shi, shi ne kuma ke sa ya lalace da sauri. Duk wanda ya karta sunansa a kan tsohon zane ya shafe abin da ba za a iya mayarwa ba. Saboda haka muna roƙon baƙi da kada su yi rubutu a bango, kada su ɓanɓari dutse, kada su kunna wuta a ciki. Muna kuma kira ga masu unguwanni da dagatan ƙauyukan da ke kewaye da gandun da su ci gaba da faɗakar da jama'a kan illar farauta da kiwo da ƙonen daji a cikinsa. Shugabannin makarantu su ma za su iya shirya wa ɗalibai ziyara ta hannun sashen ilimi na ƙaramar hukumarsu, domin yaran jiharmu su ga wannan gado da idonsu.