Ƙwaƙwalwar Kwamfuta da Yadda Ta Iso Ƙasar Gobir

Ma'abota sana'ar kwamfuta a titin Beirut na birnin Kano, inda 'yan kasuwar Arewa da dama suke sarin kaya, sun daɗe suna wata muhawara da samarin da ke zuwa musu ciniki, wato shin wace ƙwaƙwalwa ce ta fi, ta laftof ko ta saba (babbar kwamfutar da ke yi wa wasu kwamfutoci hidima), musamman ga mai son wasan gem ko haɗa bidiyo. Muhawarar tana da asali, kuma wanda ya bibiyi asalin nata zai fahimci dalilin da ya sa hukuncin da ya dace da mutumin Kano ko Ikko bai zama lalle ya dace da mutumin Tozai da ke ƙasar Gobir ba.

A farkon al'amari babu wannan rarrabuwa, domin kwamfuta aba ce guda, mai cika ɗaki, wadda ba ta rayuwa sai da na'urar sanyaya iska, kuma ba mai mallakarta sai hukuma ko jami'a ko babban kamfani. Irinta ce ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka riƙa kai wa lissafinsu a kan katuna masu huji, a cibiyar da yanzu take ɗauke da sunan Farfesa Iya Abubakar. Sai a shekarar 1971 kamfanin Intel na Amurka ya tattara hikimar lissafin nan a kan ƙyalle guda da bai kai farce ba, a 1981 kuma kamfanin IBM ya fito da kwamfutar tebur. Daga nan zuriyar ta rabu. A 1998 Intel ya raɗa wa reshen masu ɗaukar nauyi, wato na saba, suna Xeon, aka tanade shi domin bankuna da ma'aikatu, a 2003 kuwa ya fito da Pentium M domin laftof, wadda aka gina bisa sharaɗi ɗaya tak, wato ta yi aiki da batir ba tare da ta ƙona cinyar mai ita ba.

Bambancin nasu, in an taƙaita, shi ne na dokin sukuwa da raƙumin ayari, waɗanda Gobirawa suka san su tun kafin faɗuwar Alkalawa a 1808. Ƙwaƙwalwar saba tana da ƙwayoyin lissafi masu yawa, har kamfanin AMD ya kai 64 a cikin ƙwaƙwalwarsa ta EPYC guda a 2019, tana jure aiki dare da rana shekara da shekaru, tana kuma tafiya da ma'adanar da ke gyara kuskurenta da kanta, saboda kuskuren lamba ɗaya a asusun banki ba ƙaramar fitina ba ce; amma kowace ƙwaya a cikinta tafiyar hankali take yi. Wasan gem kuwa bai damu da yawa ba, abin da yake nema shi ne ƙwayoyi kaɗan masu zafin nama, da katin hoto mai ƙarfi, shi ya sa sau da yawa laftof matsakaiciya ta zamani take shige tsohuwar saba a fagen wasa, alhali in aka ɗora musu aikin tace bidiyo mai tsawo, laftof ɗin sai ta ɗau zafi, fankarta ta yi ta kuka, ta rage gudu da kanta don kada ta lalace.

A ƙasar Gobir kuwa, a ƙauyukan Isa da Sabon Birni, mutane da yawa ba ta hanyar wasa suka fara yin ido biyu da laftof ba, ta hanyar rajistar zaɓe ne. A watan Janairu na 2011 hukumar zaɓe, a ƙarƙashin Farfesa Attahiru Jega, ta rarraba na'urori 132,000 a faɗin ƙasa, kowace da laftof da kyamara da abin ɗaukar zanen yatsa da batir na musamman. Aka ajiye tebur a makarantar firamare ko a gindin bishiya, ɗan hidimar ƙasa yana zaune, dattijo ya miƙa yatsan da fartanya ta yi wa kanta har zanensa ya shafe, a goge a sake dangwalawa, layi kuwa yana ta tsawo. Sunayen da aka tara, fiye da miliyan 70, ba laftof ce ta iya tantance su ba; sai da aka kwashe su zuwa manyan na'urori, waɗanda aikinsu shi ne gwada yatsa da yatsa don gano wanda ya yi rajista sau biyu. Haka kuma tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, yaron da ya taso daga Tozai ya nufi cibiyar jarrabawa yana zama ne gaban ƙaramar na'ura, amma tambayoyinsa daga saba guda suke fitowa, wadda take ciyar da ɗaruruwan ɗalibai a lokaci ɗaya.

Sa'an nan aka shiga zamanin gwanjo. Manyan kamfanonin Turai da Amurka sukan sauke tsofaffin Xeon bayan 'yan shekaru, masana'antun Sin kuma suka ƙera musu alluna masu araha, har ya zama saurayi yana iya haɗa kwamfuta mai ƙwayoyi goma sha biyu da kuɗi kaɗan. Ban ga laifin wanda ya yi haka a inda wuta take tsayawa ba, kuma ga mai ɗakin tace finafinai akwai fa'ida bayyananniya. Amma ina jin takaicin ganin ana kwaɗaita wa yaran karkara ita, domin ƙwaƙwalwar laftof wat 15 zuwa 45 take ci, ga batir a jikinta, faifan sola madaidaici ya ishe ta, ita kuwa waccan, in aka haɗa da katin hoto da fankoki, sai ta lashe ɗaruruwa, ba ta da batir ko na minti ɗaya, ga zafin bazara, ga ƙurar hunturu da ke toshe mata hanci har sai mai gyara ya buɗe ta ya bi da buroshi. Kuɗin da aka rage wajen saye, man janareta zai cinye shi kafin shekara ta zagayo.

A watan Satumba na 2021, lokacin da gwamnatin Jihar Sakkwato ta sa aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 saboda ta'asar 'yan bindiga, ciki har da Isa da Sabon Birni, duk wani aiki da ya dogara ga saba mai nisa ya tsaya cik, tun daga tura kuɗi ta waya har zuwa cike takardar makaranta. Masu shagunan buga takardu da suka ci gaba da aiki a makonnin nan su ne waɗanda kayan aikinsu ke cikin laftof ɗin da ke gabansu, suna cajinta da sola.